Ka Ja Bakinka

Kwarbai, Birnin Zariya,
6 ga Maris, 1989.

Zuwa ga taubashiyata Asama'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida Alhaji Jalo da yara. Yaya aikin asibiti, yaya kuma ruwan Fatakwal da ba ya gajiya? Mu nan lafiya lau. Iya tana gaishe ki, matata Maijidda ma haka. Ni kaɗai ne tawa lafiyar sai a hankali.

An yi aikin hancin nan da kika daɗe kina yi mini tsiya a kansa. Kin san tun faɗuwar da na yi a kan Vespa ya karkace, ƙofa ɗaya ta toshe, har numfashi ya riƙa yanke mini a tsakiyar doguwar aya. Likita ya ce zai miƙe shi, ya kuwa miƙe shi, har da ƙarin da ban roƙa ba. Ɗan doron nan na hancin gidanmu, wanda na gada wajen marigayi Baba, ya kankare shi, wai ƙashin wurin ne ya farfashe. Ranar da aka cire filasta Iya ta dube ni sau ɗaya, ta ce "Sannu," ta koma tsintar shinkafarta. Tun daga nan ba ta sake tsayar da ido a fuskata ba.

Bari in ba ki labarin zaman da nake yi. Da farko sun cusa mini auduga har ban san inda ta tsaya ba, ranar da aka zare ta kuwa na ga taurari da rana tsaka. Idanuna suka kumbura suka yi baƙi kamar wanda aka tare a lungu. Da baki nake numfashi, in na farka harshena ya bushe ƙamas. Barci a zaune, a jingine da matasai. Ba fyace hanci, ba shaƙa ruwa a alwala, sujada ma sai da nuni. Leɓena na sama da kan hancin kamar na aro, in na taɓa ba na ji. Jiya Maijidda ta soya albasa a ƙofar ɗakina, wallahi ba don na ga hayaƙi ba da ban san ana girki ba. Tabarau ma an hana ni ɗorawa, da hannun hagu nake riƙe da shi ina rubuta miki wannan.

Ban leƙa waje ba tun da aka sallamo ni. Makarantarmu ta Tudun Jukun ta ba ni hutu. Daga ɗaki sai zaure, zauren ma da na ji sallama sai in sulale ciki, don magana ta zaga unguwa wai Malam Sabo ya je an sake masa halitta saboda kwalliya.

Duk wannan mai sauƙi ne. Ga abin da ya hana ni sakat. Azumi ya matso. Kin san shekara goma sha ɗaya ke nan ni nake ja wa Malam Yari baƙi a tafsirin la'asar, ina karanta aya yana fassarawa, a kan buzun da Baba ya zauna har ya bar duniya. Bana ne kuma za mu kai ƙarshe a yi sauka. Idon Malam ya tafi, da murya yake gane mutane, kuma kullum cewa yake in na ja sai ya ji kamar Bahago ne, wato Baba, bai mutu ba. To ita gunna, sautin nan na nunun da mimun, ta hanci take fita. Shekaranjiya na rufe ƙofa na gwada a hankali, sai na ji kamar mai mura yana magana a cikin tulu. Tsoro ya kama ni, Asama'u, ban ɓoye miki ba.

Ke ce nas, kin ga irin wannan. Likitan ba ya tsayawa a yi masa tambaya biyu. Ki gaya mini gaskiya, hancin nan zai buɗe? Me zan ce wa masu surutu? Kuma in ja baƙi bana ko in haƙura? Abin da kika ce shi zan yi.

Don Allah in za ki ba ni amsa ki tausaya wa idona. Rubutunki har yanzu kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda.

Naki,
Sabo.

Fatakwal,
20 ga Maris, 1989.

Sabo mai sabon hanci,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun ji lafiyarku, mu ma duk lafiya lau. Alhaji yana yi maka sannu. Tunda ka ce rubutuna tafiyar kaza ne, ga shi na ari tafiretar ofis na buga maka. Sai dai ta Turawa ce, ba ta san kugiya ba. Ka bi ka sa abinka, ai kai ne malamin makaranta.

Na yi dariya har da hawaye, sannan na ji tausayinka. Duk abin da ka lissafa haka ake yi, ba kai ne farau ba. Kumburin ido zai sauka nan da nan. Toshewar ciki ita ce mai naci, yau ta saki gobe ta kama, amma za ta tafi. Kamshi zai dawo, mutuwar leben ma haka. Shi kan hancin yakan kai shekara kafin ya zauna daidai, saboda haka ka daina yini a gaban madubin Maijidda.

Ka rika diga ruwan gishiri mai dumi safe da yamma. Kada ka sa yatsa. In atishawa ta zo ka bude baki. Ka guji zafin rana. Tabarau kuwa ka like shi a goshi da filasta ya rataya, kada ya hau hancin. Sujada ka ci gaba da nuni har likita ya sallame ka.

Iya ka yi mata uzuri. Fuskar Kawu Bahago take nema a taka, za ta saba.

Yanzu tambayoyinka na karshe. Masu surutu ba a biye musu, in ka tanka ka ba su abin yi. Kai dai ka ja bakinka, tun daga ranar farko har salla. Kada ka damu da abin da za a ce. Shi ya fi maka, ni na gaya maka, kuma na ga masu irin aikinka da yawa.

Ka gaishe da Iya da Maijidda. Ka ce Maijidda ta rage barkono a miya, don kada atishawa ta mayar da hancin gidan jiya.

Taubashiyarka,
Asama'u.

Kwarbai,
4 ga Afrilu, 1989.

Asama'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai zafi da ya sako mu gaba. Takardarki ta sha zamanta a hanya, sai ranar Asabar ta iso. Na gode ƙwarai. Ruwan gishiri yana aiki, baƙin ido ya washe, dabarar filasta kuma ta sa na koma kamar mahaukacin kasuwa, amma ina gani da hannu biyu a sake.

Maganarki ta ƙarshe ta yi mini nauyi, amma na ce abin da kika ce shi zan yi. Tunda kin ce in ja bakina har salla, na ja. Ke kika san abin da ke cikin hancin nan, ni ban sani ba.

Jiya da sassafe, kafin mutane su fito, na naɗa rawani na ja amawali har ƙasan ido, na bi ta bayan layi zuwa gidan Malam. Na durƙusa na faɗi sunana, na ce masa nas ta ce in yi shiru bana. Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Sabo, ka dai san halina. Buzun nan ba na aro ba ne. In na ba wani, ba zan je in ce ya tashi ba." Na ce na sani. Ya ce, "Ko da muryar ta shaƙe, ni zan iya da ita." Na ce ai ba ni na hana kaina ba, umarnin asibiti ne. Ya ce to Allah ya sa haka ya fi alheri, ya aika a kira masa Audu, ɗalibinsa mai ɗinkin hula a bakin kasuwa.

Ban jira zuwan Audu ba. Na dawo ta inda na bi, na shiga ɗaki na kwance rawanin. Maijidda ta tambaye ni yadda aka yi, na ce an gama. Ta ce, "Anya Malam, haka Yaya Asama'u take nufi?" Na ce ga takarda nan baƙi da fari, me ya rage?

Abin mamaki, da na zauna sai na ji wani sauƙi-sauƙi, kamar an ɗage mini jarrabawa. Bai daɗe ba ya wuce. Yanzu zuciyata a ƙuntace take, ko ruwa ba ya yi mini daɗi.

Allah ya kai mu azumi lafiya. Ki sa ni a addu'a.

Sabo.

Kwarbai,
13 ga Afrilu, 1989.

Asama'u,

Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Na san amsarki ba ta isa isowa ba, amma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke. Kowa lafiya. Hancin ya ɗan yi jini ranar da zafi ya yi yawa, ya tsaya da kansa. Ƙofar dama takan buɗe da safe, kafin azahar ta koma ta rufe. Ƙamshi shiru har yanzu, kunun tsamiya da ruwan randa duk ɗaya ne a wurina.

Ban taɓa lura ba sai bana, ashe lasifikar masallaci tagar ɗakina take kallo. Da an sallame la'asar sai in ji an hura makirfo, Malam ya yi gyaran murya, sai Audu ya ja. Ba ni da inda zan gudu. In na fita tsakar gida muryar tana can, in na toshe kunne kuma na yi zunubi.

Audu ba shi da laifi, muryarsa garau take. Amma yana gaggawa. Bai san in Malam ya ce "to" ba gamawa ya yi ba, sai ya yi ɗan tarin nan tukuna. Baba ne ya koya mini wannan tun ina ɗaukar masa buzu. Sau biyu jiya Audu ya hau kan maganar Malam, ina zaune a bakin gado na ji kamar in tsaga bango in fita. Leɓena yana bin ayar, amma ba na barin sauti ya fito, tunda kin ce har salla.

Da, Iya takan shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta saurara tun daga farko har addu'a. Bana kwana biyu ta yi, ta ce a mayar mata da tabarmar ɗaki.

Na san kowace tsaga a bangon ɗakin nan. Salla ma a ciki nake yi, ina nuni da kai kamar tsoho, alhali ƙafafuna lafiya lau. Wani lokaci in dubi madubi in rasa wanda zan yi fushi da shi, likita ko Vespa ko mutumin da ke kallona.

Ki rubuto ko layi biyu ne.

Sabo.

Fatakwal,
17 ga Afrilu, 1989.

Sabo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gaisuwar ke nan.

Innalillahi! Wane irin karatu ka yi wa takardata? BAƘI na ce, baƙi mai ƙugiya, ga ta nan na zana maka ita ƙatuwa da hannuna. Ka ja baƙinka! Ka hau buzunka ka yi karatunka, ka bar masu surutu da surutunsu. Ni da na tashi ina jin muryar Kawu ta katangar gidanmu, ni zan ce ka yi shiru? Hanci aka yi wa aiki, ba maƙogwaro ba. Babu abin da karatu zai ɓata a ciki.

Da takardarka ta huɗu ga wata ta zo, na je na zaro kwafin da ya rage a ofis na duba. Na ga kalmar a zaune ba ƙugiya. Na shiga ɗakin canza kaya na yi kuka, har wata abokiyar aikina ta ɗauka rasuwa aka yi mana. Laifina ne. Garin in rama tsiyar da ka yi mini na jawo maka wannan, ka yafe mini.

Amma kai ma, Sabo. Kai ka tambaye ni, in ja baƙi ko in haƙura. Na ce ka ja. Ina shiru ya shigo? Na kuma gaya maka tun a farkon takardar cewa tafiretar ba ta da ƙugiya. Maijidda ma ta gane. Ina jin tsoron ba idonka ne ya karanta wurin nan ba, kunyar fita ce.

Ba zan ruɗe ka ba, muryar tana iya ɗan canzawa, tunda hanyar iskar ta canza. Wataƙila ma ta fi ta da. Ba za ka sani ba sai ka buɗe baki.

Ranar da wannan ta same ka, ka ajiye rawanin nan ka sa hularka, ka fita ta ƙofar gida da rana, ka je masallaci. Ban san ko za ta iso kafin a rufe tafsiri ba, gidan waya sai addu'a. Ka rubuto mini ko me ya faru, kada ka bar ni a haka.

Asama'u.

Kwarbai,
9 ga Mayu, 1989.

Taubashiyata Asama'u,

Assalamu alaikum. Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kun yi salla lafiya, ke da Alhaji da yara. Mu ma lafiya lau. Likita ya duba ni, ya ce in kai goshi ƙasa amma a hankali. Sujadar farko na daɗe ban ɗago ba.

Takardarki ta same ni an shiga goman ƙarshe. Ba abin da zan yafe miki. Da na gama karantawa na ɗauko waccan ta tafireta. Kin san halin malamin makaranta, tun ranar da ta zo na bi ta da jan biro ina sa wa kowane baƙi ƙugiyarsa. Ƙamshi na sa, liƙe na sa, ƙarshe na sa. Kalma ɗaya tak na tsallake a takardar, kin san ko wacce ce. Gaskiyarki.

Washegari na sa hula na fita da la'asar. Wani ya ce, "A'a, Malam Sabo, an zama Balarabe!" Aka yi dariya, ni ma na yi. Wasu suka yi mini sannu. Shi ke nan fa abin da na ɓuya wa tun kafin azumi. Na zauna can baya kusa da takalma, haka na riƙa yi kullum, ban matsa gaba ba.

Ranar sauka masallaci ya cika har waje. Da aka zo surar ƙarshe, sai Audu ya ɗago ya neme ni da ido, ya yafito ni. Na girgiza kai, ya sake yafitowa. Mutane suka buɗa mini hanya. Ya matsa gefen buzun, ya turo mini makirfo, bai ce wa Malam komai ba. Kin san surar nan, kusan duk inda kika taka gunna ce. Da a ce zaɓi aka ba ni, ita ce ta ƙarshen da zan zaɓa.

Na ja ayar farko. Iska ta bi ta hancin nan ta fita sumul, ba tulu, ba mura, numfashi har ya yi saura. Amma ni kaina ban san muryar ba. Ta fi ta da sirantaka, kuma 'yar kaurin nan da mutane ke cewa ta Baba ce babu ita.

Malam bai fassara ba. Ya juyo da fuskarsa wajena, ya ce, "Baƙo muka yi? Wane ne?" Makirfo a buɗe, duk Kwarbai ta ji. Mutumin da na zauna a gefensa shekara goma sha ɗaya.

Na ce, "Allah gafarta Malam, Sabo ne, na Malam Bahago."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Muryar Bahago ta tafi ke nan. Allah ya jiƙansa." Masallaci ya ce amin. Ya yi ɗan tarin nan nasa, ya ce, "To, wannan taka ce. Ja mu ji." Na ja har ƙarshe, hawaye yana bin gefen hancin, kuma fatar wurin ta ji shi yana bi.

Ran salla na je gaishe shi. Ban roƙa ba, shi ma bai yi tayi ba. Ya ce Audu ya riƙe amana, buzu nasa ne. Na ce haka ne. Baɗi in Allah ya kai mu a cikin sahu zan zauna. Abin yana yi mini ciwo, Asama'u, ciwo sosai, buzun Baba ya fita daga gidanmu a hannuna, kuma ba wanda ya ƙwace.

Da na dawo daga sauka na tarar da Iya a bakin ƙofa a kan tabarma. Ta ce, "Kai ka ja ta ƙarshe?" Na ce ni ne. Ta dube ni, wannan karon ta daɗe, ta ce in matso ta ga aikin da kyau.

Jiya aka yi ruwan farko. Ina zaure sai na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar katanga, kaɗan dai, ta ƙofar dama. Litinin zan koma makaranta.

In za ki ba ni amsa, ki bar musu tafiretarsu. Ki rubuto da hannunki, zan karanta a hankali.

Naki,
Sabo.